Alhassan Ɗantata: Attajirin da ya gane cewa ribar kaya tana kan hanya

Idan aka ambaci Alhassan Ɗantata, abu biyu ne ke fara faɗo wa mutane a rai: dalar gyaɗa ta Kano, da labarin raƙuma 20 da suka kai masa kuɗi banki. Akan kawo su ne don nuna yawan dukiyarsa.

Amma in an duba da kyau, kowane ɗaya daga cikinsu labarin dakon kaya ne. Dalar gyaɗa buhuna ne da ke jiran taragon jirgin ƙasa. Raƙuman kuwa, su ne abin da zai iya ɗaukar tsabar azurfa mai nauyi haka.

A cikin shekara kusan 78 da ya yi a duniya, hanyar fatauci a ƙasar Hausa ta sauya har sau uku. Daga jaki aka koma jirgin ruwa, sannan jirgin ƙasa ya iso Kano, daga baya mota ta shigo. Kowane sauyi ya durƙusar da wasu manyan fatake da suka ƙi sakin abin da suka saba. Ɗantata yana cikin 'yan kaɗan da kowane sauyi ya ƙara musu ƙarfi.

An haife shi a zango

An haifi Alhassan a shekarar 1877 a Bebeji, kudu da birnin Kano, a kan hanyar da fatake ke bi idan sun nufi Zariya. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne daga cikin Agalawa, waɗanda tare da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja a ƙarni na 19.

Asalin gidan a Madobi yake, inda kakansa Baba Talatin ya zauna bayan ya taso daga wajen Katsina. An ruwaito cewa ayarin Abdullahi ya yada zango ne a Bebeji a kan hanyar Gwanja lokacin da matarsa ta haihu, kuma bayan ya dawo daga tafiyar sai ya mayar da gidansa can.

Mahaifiyar ma ba baya ba ce a harkar. Sunanta Fatima, amma an fi sanin ta da Amarya, kuma ita ma tana fatauci da dukiyarta.

Abdullahi ya rasu wajen 1885, Alhassan bai kai shekara goma ba. Amarya ta tashi ta koma Ankara, babban birnin Ghana ta yau, ta bar yaran a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Sunan wannan baiwar Allah ne ya bi shi, ya bi 'ya'yansa da jikokinsa har yau. Ɗan Tata ya zama Ɗantata.

Ya yi karatun allo a Bebeji, ya yi 'yan ƙananan sana'o'i irin na almajirai don ya ci abinci. Yana ɗan shekara kusan 15 ya bi ayari ya nufi wurin mahaifiyarsa. An ruwaito cewa da ya isa Ankara ba ta zaunar da shi cikin daula ba, wurin wani malami ta kai shi ya ci gaba da karatu da neman na kansa har lokacin komawa gida ya yi.

Abin da ya samu a wannan tafiya shi ne ya ga hanyar da idonsa tun daga farkonta har bakin teku, ya kuma ga jiragen ruwan Turawa suna sauke kaya suna ɗauka.

Yadda ayari yake tafiya

Ba a fahimtar abin da Ɗantata ya yi daga baya sai an san wahalar tsohuwar hanya.

Ayarin goro kan tashi ne bayan damina, da ɗaruruwan mutane, wani lokaci fiye da dubu, da jakuna da takarkarai da alfadarai da 'yan dako. Madugu shi ne shugaba, shi ke yanke shawarar inda za a kwana da yadda za a yi da sarakunan hanya. Jagaba yana gaba yana duba hanya. Uban dawaki shi ke kula da tara kuɗin da za a biya a kowane gari.

Daga Kano ake ɗaukar kanwa, da turkuɗi da sauran rinannun tufafi, da kayan fata, da gabu, da dabbobi. A haye Kwara a wajen Yawuri ko Illo, a ratsa ƙasar Bargu, a bi ta Sansanne Mango da Yendi har Salaga, babbar kasuwar goro ta Gwanja. Goron da kansa daga dazuzzukan Asante ake kawo shi.

Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci shekara guda. A kowace masarauta sai an biya kuɗin wucewa, a kowane kogi sai an biya kuɗin fito, ga 'yan fashi a dajin Bargu da suka yi ƙaurin suna.

Shi kuma goro kaya ne mai rai, ba ya son zafi, ba ya son bushewa. Ana jera shi a cikin ganye a ɗaure huhu, kuma duk bayan 'yan kwanaki sai an kwance, a yayyafa ruwa, a tsince wanda sankara ta kama kafin ya ɓata sauran, a sake ɗaurewa. Kowace rana da aka ƙara a hanya asara ce. Tsadar goro a kasuwar Kurmi, mafi yawanta kuɗin wannan wahalar ce.

Kafin Alhassan ya tsaya da ƙafarsa, hanyar ta fara lalacewa daga ɓangarorin biyu. A 1892 yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga, 'yan kasuwarta suka watsu zuwa wasu garuruwa. Shekara guda bayan haka Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, aka naɗa ɗansa Tukur, Yusufawa suka yi tawaye, Kano ma ta faɗa basasa har zuwa 1895.

Yaƙin ya ci Bebeji. An ruwaito cewa Alhassan da 'yan'uwansa suna cikin waɗanda aka kama aka tafi da su, sai daga baya ya samu ya kuɓuta ya dawo. Daga nan ya sake shiga fatauci daga ƙasa, da ɗan abin da ya tara.

Ya bar jaki, ya hau jirgin ruwa

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairun 1903. A wannan shekarar ce kuma layin dogo daga Sekondi da ke bakin teku ya isa Kumasi, tsakiyar ƙasar goro. A ɓangaren Najeriya, jirgin ƙasa ya riga ya haɗa Legas da Ibadan tun 1901, kuma ana ta tura layin zuwa arewa.

Wanda ya haɗa waɗannan abubuwa a kansa zai ga wata sabuwar hanya. A sayi goro a Kumasi, a sauko da shi bakin teku, a zuba a jirgin ruwa, cikin 'yan kwanaki ya isa Legas, daga nan ya hau jirgin ƙasa iya inda dogo ya tsaya, sauran tafiyar a ƙarasa da jakuna. A taswira zagaye ne mai nisa. A lissafin kwanaki kuwa, an yanke watanni.

Wajen 1906 Ɗantata ya fara bin wannan hanya, kuma yana cikin fataken Arewa na farko da suka yi hakan. Yana kai-komo tsakanin Ankara, Kumasi, Sekondi da Legas, yana haɗawa da duwatsun ado da tsakiya da yadudduka na Turai.

Abin ba sauƙi ne da shi ba. A lokacin Ankara ba ta da tashar da jirgi zai matso ya tsaya, sai dai ya yi nesa da gaɓa, a riƙa kai masa kaya da kwale-kwale cikin igiyar ruwa. Kuma ga Bahaushen da ya gaji madugu, sakin ayari ba ƙaramin abu ba ne. Girman madugu a yawan mutanensa da dabbobinsa yake. A cikin jirgin Turawa kuwa fasinja ne kawai mai tikiti, yana zaune a kan huhunan goronsa.

Amma wanda kuɗinsa ke juyawa sau uku ko huɗu a shekara, ba a haɗa shi da wanda nasa ke juyawa sau ɗaya. A nan Ɗantata ya fara yi wa tsararrakinsa nisa.

Jirgin ƙasa ya iso, gyaɗa ta ba kowa mamaki

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Daga Baro da ke bakin Kwara aka fara gina shi, sannan aka haɗa shi da layin Legas a Minna. A farkon shekarun sai an tsallakar da taragu a kan jirgin fito a Jebba, kafin a kammala gada. Tsakanin Kano da Legas ta dogo ya fi kilomita 1,100, tafiyar da a da ake yi cikin makonni masu yawa.

Turawa auduga suka sa wa rai. Burinsu shi ne ƙasar Kano ta ciyar da masaƙun Lancashire, har ƙungiyar masu noman auduga ta Birtaniya ta kafa injinan gurza tana raba iri. Lissafin bai fita ba, saboda masaƙan gida da marina suna sayen auduga da farashin da ya fi na Turawa.

Gyaɗa ce ta ɗauki kasuwar. A Turai an samu dabarar daskarar da man tsirrai a yi man shafa wa burodi da sabulu, don haka kamfanoni suka shiga neman gyaɗa ido rufe. Manomin Kano kuma ya san ta tuntuni. Tana shiga cikin gero da dawa, tana gyara ƙasa, tana kawo tsabar kuɗin biyan haraji, in farashi ya faɗi kuma a ci abar a gida. Auduga ba ta ciyuwa.

A kakar 1912 zuwa 1913 gyaɗa ta yi wa tashar Kano ambaliya har hukumar jirgin ta rasa yadda za ta yi da ita. Abin da Najeriya ta fitar ya tashi daga tan dubu biyu da 'yan kai zuwa kusan tan 19,000 a 1913. Fari da yunwar Kakalaba ta 1914 da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Farko sun kawo tsaiko, amma ba su juyar da abin baya ba.

Kamfanonin Turawa suna da kuɗi da sikeli da kantuna a kusa da tasha. Abin da ba su da shi shi ne hanyar shiga ƙauye. Ba su san manomi ba, ba su jin harshensa sosai, ba su san wanda za a ba bashi ya dawo da shi ba. Fataken goro kuwa wannan ne aikinsu tun kaka da kakanni. Shi ya sa waɗanda suka fara cin moriyar gyaɗa a Kano irin su Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo da Adamu Jakada ne.

A wannan tsakanin Ɗantata ya tattaro ya zauna a birnin Kano, ya gina gida a yankin Koki da Sarari. A 1918 kamfanin Niger Company ya neme shi ya riƙa saya masa gyaɗa. Bai riga kowa shiga ba, amma zuwa 1922 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowane ɗan kasuwa dukiya a Kano.

Inda ribar take

Tsarin sayen gyaɗa a baki mai sauƙi ne. Kamfani ya ba babban dillali kuɗi kafin kaka. Shi kuma ya rarraba wa yaransa, su bazu kasuwannin ƙauye, su ma su ba ƙananan masu saye, wasu har su ba manomi bashi tun gyaɗa tana gona. Idan an girbe, kaya su biyo wannan tsani su hauro.

Wahalar tana wajen kawo kayan. Farashin da kamfani ke biya na bakin tasha ne. Duk abin da aka kashe tsakanin ƙauye da sikeli daga aljihun dillali yake fita, duk abin da aka rage kuma nasa ne. Saboda haka dillalai biyu za su iya sayen gyaɗa a farashi ɗaya, su sayar a farashi ɗaya, ɗaya ya yi arziki ɗaya ya karye.

Lokaci ma ƙanƙane ne. Ana fara saye wajen Nuwamba, kuma dole a kwashe kaya kafin ruwa ya sauka ya lalata hanyoyin burji, rafuka su kawo. Cikin waɗannan 'yan watanni kowa ke neman jakuna, kowa ke neman buhu, kowa ke neman raƙuman Buzaye da ke saukowa daga arewa da rani suna aikin dako. Wanda ya makara sai ya biya ninki.

Ɗantata ya shigo wannan fage da abin da ayari ya koya masa. Ya san yadda ake riƙe mutane masu yawa a wurare masu nisa ba tare da takardar yarjejeniya ba, sai amana da dangantaka da auratayya. Ya san masu dabbobi, ya san fatomomi, ya san sarakunan garuruwa. Yaransa kuma ba gyaɗa kaɗai suke yi ba. Sukan fita da goro da gishiri da yadi, su dawo da gyaɗa da fatu da hatsi, yadda dabba ba ta tafiya wofi ko a zuwa ko a dawowa.

Wannan lissafi na kada abin hawa ya koma fanko shi ne har gobe ke raba mai tirelar da ke cin riba da wanda ke aiki don mai da taya.

Jirgin ƙasan ma haka yake yi. Ya gangara kudu da gyaɗa da fatu da shanu, ya hauro da gishiri da kananzir da yadi da goro. Kuma a hankali goron ya daina zuwa daga Gwanja, domin manoman ƙasar Yarbawa sun dasa shi a wurare irin su Agege da Shagamu, Hausawa suka kafa unguwanni a can suna saye suna lodi. Hanyar tekun da Ɗantata ya yi suna da ita ta tsufa cikin shekara ashirin da 'yan kai. Lokacin da hakan ta faru, shi ya riga ya koma kan gyaɗa.

A 1929 ne ake cewa ya kai ajiyar raƙumi 20 na tsabar azurfa bankin Bank of British West Africa da ke Kano. Dalilin tara tsaba haka ba boyayye ba ne: manomi bai yarda da takarda ba, sai sulalla. Duk mai sayen gyaɗa sai ya yi dakon kuɗi zuwa ƙauye kamar yadda yake dakon kaya zuwa birni.

A shekarar ce kuma Niger Company ta haɗe da wani babban kamfani aka samar da UAC, kuma Ɗantata ya zama babban mai kawo mata gyaɗa. An kuma ƙara wa dogo rassa: ɗaya ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ɗaya ya kai Nguru a 1930. Kowace sabuwar tasha sabuwar kasuwa ce da ke buƙatar wakili da sikeli da sito.

Sai mota ta shigo. Daga shekarun 1920 manyan motoci suka fara ɗebo gyaɗa daga garuruwan da dogo bai kai ba, kuma 'yan kasuwa Kwarori suka zuba jari sosai a kansu. Gwamnatin mulkin mallaka tana son mota idan tana kawo wa jirgi kaya, amma ba ta son ta idan ta bi hanyar da ke gogayya da shi, har takan tsawwala kuɗin lasisi a irin waɗannan hanyoyi. Ta haka duk hanyoyin mota suka zama masu zubawa a Kano. Hatta gyaɗar Damagaram da Maraɗi, da ke ƙarƙashin Faransa, ta nan take bi ta fita teku, sai a shekarun 1950 Faransawa suka shirya karkatar da wani kaso ta Parakou zuwa Kwatano.

Dala: ado ne ko cunkoso?

Ana danganta wa Ɗantata dabarar jera buhunan gyaɗa su yi tsini kamar dutse. Dala ɗaya kan ci buhu har 15,000, kuma an yi su a wurare irin su Ƙofar Mazugal da Bebeji da Malam Madori da Dawakin Kudu.

Dabara ce ta mai sito. Jerin yana cin fili kaɗan, ba ya rushewa, yana da sauƙin ƙirgawa, kuma idan an lulluɓe shi da tamfol ruwa yana gangarewa. 'Yan dako kan hau da buhu a ka, su taka na ƙasa kamar matattakala har su kai ƙololuwa. Aiki ne na ƙarfi da ba a cika tunawa da masu yin sa ba idan ana yabon hoton.

Abin da ya sa dalar ta yawaita har ta zama alamar Kano shi ne gazawar jirgin ƙasa. Layi ɗaya ne siriri, kuma Yaƙin Duniya na Biyu ya bar shi da tsofaffin injuna da ƙarancin taragu. A ƙarshen shekarun 1940 da farkon 1950 an kai matsayin da sabuwar gyaɗa ke iso tasha ta tarar da ta bara ba ta tafi ba. Ƙwari suka shiga buhuna, aka riƙa asara, har jami'an Landan suka shiga damuwa, domin Birtaniya na fama da ƙarancin mai a lokacin.

Don haka hoton da ake alfahari da shi, a idon mai kaya kuɗi ne da suka kwanta a rana. Dangin layin tirelolin da aka sha gani a Apapa ne, sai dai shi ya fi kyan gani.

Iyakar da aka yi masa

Duk girman Ɗantata, ikonsa a kan buhun gyaɗa yana ƙarewa ne a bakin tashar Kano. Dogo na gwamnati ne. Tashar Apapa ta gwamnati ce. Jiragen ruwa na kamfanonin Turai ne irin su Elder Dempster, waɗanda suka haɗa kai suna mayar da rangwame ga manyan kamfanonin da ba sa ba wani jirgi kaya. UAC ma tana da nata jiragen, waɗanda a 1949 suka zama Palm Line.

Ɗan kasuwa baƙar fata da ke son fitar da kaya da kansa, ko ya shigo da su kai tsaye daga Ingila, sai ya tarar kowace ƙofa da mai gadinta. Bankuna ba sa sakar masa bashi kamar yadda suke sakar wa Bature. A lokacin yaƙi kuma aka riƙa raba izinin shigo da kaya gwargwadon abin da kamfani ya saba shigowa da shi a baya, wato wanda ba ya ciki tun farko ba shi da rabo.

Akwai masu ganin Ɗantata a matsayin yaron kamfanin Turawa kawai, wanda ya taya su tatsar manomi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya ta fuska ɗaya, domin tsarin bashin kafin kaka ya ɗaure manoma da yawa, kuma mafi tsoka na ribar Turai take tafiya. Amma ta manta cewa wasu da suka yi ƙoƙarin yin gaba da gaba da kamfanonin sun ƙare da karyewa, musamman a faɗuwar farashi ta shekarun 1930. Shi ya zaɓi ya riƙe ɓangaren da Bature ba zai iya yi da kansa ba, ya riƙe shi sosai har ya zama ba a iya tsallake shi.

Ƙofar ta fara buɗewa ne a ƙarshen rayuwarsa. Tun lokacin yaƙi gwamnati ta karɓe fitar da gyaɗa, a 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa ta Najeriya, ita ke yanka farashi tana ba da lasisin saye. A kakar 1953 zuwa 1954 Ɗantata ya samu wannan lasisi, ya fara sayar wa hukumar kai tsaye ba tare da bi ta hannun wani kamfani ba. Ya kai shekara 76 a lokacin, kuma ya shafe shekara 35 yana tara wa wasu gyaɗa.

An san shi da tsimi da rashin son almubazzaranci, da bin lissafi da kansa, da taimaka wa masu niyyar aikin Hajji. Shi ma ya sauke farali tun a shekarun 1920, kuma ta jirgin ruwa ya tafi, a zamanin da mafi yawan alhazan ƙasar Hausa ke bi ta Chadi da Sudan a ƙasa, suna shekaru a hanya.

Bayan rasuwarsa

Da ciwo ya tsananta a 1955, ya tara 'ya'yansa da babban mai kula da kuɗinsa, Garba Maisikeli, ya yi musu wasiyya da su zauna tare, kada su bari kamfanin Alhassan Dantata and Sons ya wargaje. Ya rasu ranar 17 ga Agustan 1955, aka binne shi a gidansa da ke Sarari. A lokacin ana yi masa kallon wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

Ahmadu ne ya fara jan ragamar kamfanin har rasuwarsa a 1960, sannan Aminu ya karɓa, ya faɗaɗa shi zuwa gine-gine da masana'antu. Sanusi kuwa, wanda ya yi fice a sayen gyaɗa da kansa, ya zuba jari a manyan motocin dako. 'Yarsa Mariya ita ce mahaifiyar Aliko Ɗangote, wanda aka haifa shekara biyu bayan rasuwar Alhassan, kuma wanda kamfaninsa a yau ke da dubban tireloli a kan titunan ƙasar nan.

Gyaɗar ba ta daɗe ba bayansa. Farin farkon shekarun 1970, da cutar da ta afka wa gonaki a 1975, da kuɗin man fetur da ya ɗauke hankalin gwamnati, sun haɗu sun kawo ƙarshen fitar da ita. An rushe hukumomin cinikin amfanin gona a 1986. Filayen dala suka zama gidaje da shaguna da ma'aikatu, tsohon dogon kuma ya yi rauni har ya daina zama abin dogaro ga mai kaya.

Kano dai ba ta daina zama mahaɗa ba. Daga kasuwar Dawanau ake lodin riɗi da zoɓo da wake da citta, wasu su nufi Nijar da Chadi, wasu su gangara kudu a kan tirela ta Kaduna da Mokwa da Jebba da Ilori, kusan kafaɗa da kafaɗa da layin 1912. A farkon 2023 aka ƙaddamar da tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, domin ɗan kasuwar Kano ya cika kwantena ya kammala takardun kwastan a gida kafin kayansa su kama hanyar teku.